Motocin kasuwa da aka ɗaga: kada a bar jaki a doki taiki wajen sayen amortisar na sitiyari

Duk mai cin kasuwannin karkara a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa ya san cewa inda gudron ya ƙare, nan aikin kat-kat ke farawa. Hanyoyin da ke ratsa Dakwaro zuwa Bermo, ko Abalak zuwa Cintabaraden, ko Gure zuwa Tasker, ba kowace mota ke iya musu ba. Land Cruiser da Hilux da Nissan Patrol su ne jakunan wannan zamani. Su ke kai sukari da shinkafa da atamfa daji, su komo da awaki da cuku da fatu. Tun daga shekarar 2014 kuma, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, irin waɗannan motoci suka ƙara yawa a hannun ƴan kasuwa, har mata masu jari suna haɗa kuɗi su sayi guda su ba direba.

Galibin motocin nan ba a barinsu yadda suka fito daga kamfani. Ana ƙara musu tsayi, a sa manyan tayu, a ƙara lam a baya domin su ɗauki kaya. Bayan ƴan watanni sai direba ya fara kukan cewa sitiyari na rawa, mota na yawo a kan hanya. Maganin da aka fi saurin rubuta wa mai mota shi ne ya sayo sabon amortisar na sitiyari, wanda makanisai ke kira amortisar na diraksiyon. A nan ne kuɗin mutane da dama ke salwanta, wani lokaci har da rayuka. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa masu karatunmu bayanin wannan ƙarfe, da aikinsa, da yadda ake zaɓensa.

Mene ne shi, kuma mene ne aikinsa?

In mutum ya durƙusa gaban Land Cruiser ya leƙa ƙarƙashi, zai ga wani ƙarfe mai kama da famfon keke kwance a gicciye. Ɗaya bakin na ɗaure da gangar jikin motar, ɗayan kuma na riƙe da sandar da ke juya tayoyin gaba. Cikinsa mai ne, da wani faifai mai ƙananan ƙofofi. Idan direba ya juya sitiyari sannu, man na wucewa ta ƙofofin ba tare da gardama ba. Idan kuwa taya ta daki dutse ko bakin rami ta nemi fizge sitiyarin da ƙarfi, sai man ya kasa wucewa da sauri, ya tare bugun kafin ya iso hannun direba.

Aikinsa ke nan, ba ƙari. Yana rage fizga, yana rage gajiyar kafaɗun direba a kan gargada, yana kuma sassauta wa sauran ƙarafan gaba wahala. Tsofaffin direbobin daji sun san zafin wannan fizga, shi ya sa suke koya wa yaransu kada su cusa babban yatsa cikin da'irar sitiyari, domin bugu ɗaya na iya targaɗa shi.

Amma amortisar ba ya ɗaure abin da ya kwance, ba ya miƙe abin da ya lanƙwashe. Motar da gabanta ke da lafiya, ko an cire mata shi ba za ta kama rawa a kan hanya mai kyau ba. Duk motar da ba ta iya tafiya sai da amortisar mai tauri, to akwai cuta a jikinta da ake rufewa.

Ba kowace mota ke buƙatarsa ba

Kafin Alhaji ko Hajiya su zura hannu aljihu, ya kamata su san irin gaban motarsu. Akwai motocin da tayoyinsu na gaba biyu ke haɗe da ƙarfe guda, wanda ake kira pon gaba. Cikinsu akwai Land Cruiser samfurin 70 da Toyota ta fara ƙerawa a 1984, wato su 75 da 78 da kuma fikof 79 da ta fito a 1999. Akwai samfurin 80 na shekarun 1990 zuwa 1997, da samfurin 105, da Nissan Patrol Y60 da Y61, da tsofaffin Hilux kat-kat. Irin waɗannan su ne masu wurin ɗaura amortisar na sitiyari, kuma su ne rawar gaba ta fi kamawa, domin abin da ya taɓa taya ɗaya nan take yake isa ga ƴar'uwarta.

Hilux da aka fara sayarwa daga 2004 da 2005 zuwa yau kuwa tsarinta daban ne. Kowace tayar gaba na da nata hannuwa, sitiyarinta kuma na aiki da sanda mai haƙora da makanisai ke kira kiremayar. Kamfani bai yi mata wurin wannan amortisar ba. Saboda haka in wani ya ce wa mai sabuwar Hilux ya kawo kuɗi a yi mata walda a liƙa shi, to a yi hattara. Rawar irin wannan mota a tayu take, ko a rotil, ko a cikin kiremayar ɗin kanta.

Abin da ɗaga mota ke jawowa

A dubi keke ko babur ɗin kabu-kabu. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ba a tsaye yake cak ba, ya ɗan kishingiɗa baya. Wannan kishingiɗa ita ke sa keke ya miƙe da kansa, har yaro ya saki hannu yana tafiya. Gaban mota ma haka aka ƙera shi, makanisai na kiran wannan karkata shas. Ita ke komo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana.

To idan aka ɗaga Land Cruiser 79 ko 80 da dogayen resor, hannuwan da ke riƙe da pon gaba sai su sunkuya, pon ɗin ya ɗan juya, kishingiɗar ta ragu. Ɗagawa ta santimita 5, wadda ita aka fi yi, ta isa a ji bambanci. In aka zarce haka, sai motar ta dinga yawo, direba na ta kamo ta hagu da dama kamar mai kora akuya. Maganin wannan shi ne a sa robobi ko farantan gyaran shas, waɗanda kamfanonin da ke sayar da kayan ɗaga mota ke yi musamman domin haka. Amortisar komai tsadarsa ba zai komo da shas ba.

Manyan tayu su ma suna da nasu. Fikof 79 ta aiki galibi da taya 7.50R16 take zuwa. In aka sa mai faɗi da nauyi irin 285/75R16, kowane bugu na hanya ƙarfinsa ya ƙaru, rotil da rulma kuma su riƙa ci da wuri.

Sai kuma babbar magana, wato lodi. An ƙera fikof 79 ta ɗauki kimanin tan guda, har da mutanen da ke ciki. Kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa: buhuna, jarkoki, tumaki, sannan fasinja a bisa. Idan nauyi ya taru bayan tayoyin baya, gaban mota sai ya yi sama, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakwaf a hannu. Ga tsayi an ƙara, ga kaya an tula sama, kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta kifar da ita. Babu ƙarfen da ake sayarwa a kanti da ke maganin wannan, sai rage kaya da iya jera su, masu nauyi a ƙasa kuma kusa da kan mota.

Rawar ajali

Akwai wata irin rawa da Amurkawa suka laƙaba wa suna rawar ajali. Mota na tafiya lafiya lau, galibi tsakanin kilomita 60 zuwa 90 a awa, sai ta taka ɗan rami ko bakin gada. Nan take gaban motar gaba ɗaya ya kama kaɗawa, sitiyari na bugun hannu, ƙarafa na ƙara, kuma ba ta dainawa sai an rage gudu sosai ko an tsaya.

Wannan cuta ba a ƙasashenmu kaɗai take ba. A Amurka, a shekarar 2019, kamfanin da ke ƙera Jeep ya yi wa masu sabuwar Wrangler tayin canja musu amortisar na sitiyari kyauta saboda koke-koken rawar gaba, amma duk da haka wasu masu motocin sun kai ƙara kotu suna cewa an rufe alamar ciwo ne kawai. In sabuwar mota a kan titin Amurka ta jawo wannan gardama, ina ga tsohuwar kat-kat mai bin gargadar Tanut da Agadas?

Asalin rawar sako-sako ne a wani wuri: robar sandar da ke hana pon gaba zamewa gefe ta cinye, ko rotil ya yi wasa, ko rulman da taya ke juyawa a kansu sun saki, ko shas ta ragu, ko taya ta kumbura gefe guda. Sabon amortisar mai ƙarfi na iya danne rawar na ɗan lokaci. Mai mota ya yi murna, direba ya ƙara gudu, alhali ƙarfen da ya lalace na ci gaba da cinyewa. Ranar da amortisar ɗin ya gaji, rawar za ta komo fiye da da. In kuwa rotil ne ya fita daga gurbinsa, sitiyari ya rabu da taya ke nan, sai abin da Allah ya yi.

Direban da rawar ta kama, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar gudu ya sauka sannu, kada ya take birki da ƙarfi lokaci guda. In ya tsaya, ya duba gaban motar kafin ya ci gaba, kuma ya ƙarasa tafiyar da ɗan gudu kaɗan.

A fara da binciken da ba ya cin kuɗi

Mai mota ba sai ya zama makanise ba kafin ya tsaya a yi wannan bincike a gabansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a zaɓi ranar da motar ba ta da kasuwa.

Da farko a dubi tayu. Iskar biyun gaba ta zama daidai, girmansu da zanensu iri ɗaya, kusoshi a ɗaure. Motar da aka rage wa iska domin rairayi, a mayar mata in an hau gudron. A damina a kankare busasshen laka da ke maƙalewa cikin ƙarfen taya, domin shi kaɗai na iya sa sitiyari rawa. A birane kamar Yamai da Maraɗi a kai tayun a auna daidaiton nauyinsu a inji.

Na biyu, mota na tsaye a ƙasa, yaron mota ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama da sauri, makanise na kwance yana ɗora hannu a kan kowace mahaɗa. Duk inda aka ji ƙwas-ƙwas, ko aka ga ƙarfe ɗaya ya motsa kafin ɗan'uwansa ya bi shi, nan ciwon yake.

Na uku, a ɗaga gaban da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan a kama ta gefe da gefe. Tayar da ke da lafiya ba ta wasa.

Na huɗu, a kwance baki ɗaya na tsohon amortisar a ja shi, a tura shi da hannu. Mai lafiya zai yi tauri iri ɗaya wajen shiga da wajen fita, tun daga farko har ƙarshe. In ya yi wani wuri da ya zarce fayau ba tauri, ko mai na tsiyaya a jikinsa, ko sandarsa ta lanƙwashe, ko gangarsa ta loɓa saboda dutse, to ya mutu, a canja shi. In kuwa lafiyarsa lau, a mayar da shi, a kashe kuɗin a inda ciwo yake.

Wane iri za a saya?

In bincike ya nuna lalle sai an saya, ga abin da ke kasuwa.

Akwai na mai zalla, irin wanda motar ta zo da shi. Ga motar da aka ɗaga da santimita 5 ko ƙasa da haka, mai tayu daidai misali, wannan ya wadatar, ko na Toyota ne ko na sanannun kamfanoni irin KYB na Japan da Monroe. Akwai kuma masu kauri da aka yi domin daji, irin Old Man Emu na ƙasar Ostiraliya. Amfanin kaurin shi ne yawan mai, domin a kan doguwar gargada cikin zafin watan Afrilu da Mayu man na ɗaukar zafi ya tsinke, ƙaramin amortisar ya rasa ƙarfinsa tun ba a kai rabin hanya ba.

Akwai mai iskar gas a matse, irin wasu na Bilstein da Fox. Yana jure zafi, amma in an sake shi sandarsa na fitowa da kanta, kuma wannan turi na iya sa mota ta riƙa ɗan ja gefe guda. Akwai mai resor a jikinsa wanda ke taimaka wa sitiyari komowa tsakiya. Yana da daɗin tuƙi, sai dai yakan ɓoye matsalar shas, don haka a gyara shas tukuna. Akwai kuma masu ɗaura guda biyu a jere. Wannan na motocin wasa ne masu ƙattin tayu, inci 35 zuwa sama. A motar kasuwa asarar kuɗi ce, kuma taurin da ya wuce kima na wahalar da famfon sitiyari, ya hana sitiyarin komowa da sauri bayan kwana.

Ko wane iri aka zaɓa, sai an kula da abu uku. Na ɗaya tsawo: bayan an ɗaura, a juya sitiyari har ƙarshe ta hagu, a juya har ƙarshe ta dama. In amortisar ya ƙure kafin sitiyari ya ƙure, ya rage wa motar kwana kuma ba zai daɗe ba. Na biyu bakin ɗauri: wani ƙusa ne, wani zobe ne, a je kanti da tsohon a gwada, a kuma riƙe lambar shasi da ke cikin takardar mota. A faɗa wa mai kanti cewa motar mai sitiyari a hagu ce, domin ana shigo da kayan da aka yi wa masu sitiyari a dama. Na uku, kada a yarda a yi walda a kan sandar sitiyari. Wuta na raunana ƙarfen, kuma a kan wannan sanda rayukan mutanen cikin mota suke rataye.

Dabarar da ke kashewa

Wasu ƴan gyara kan ɗauko tsohon amortisar na ƙafar mota su kwantar da shi a gaba a madadin na sitiyari, wai ai duk amortisar ne. Ba ɗaya ba ne. Na ƙafa an yi shi ya fi tauri wajen buɗewa a kan wajen rufewa, saboda haka sitiyari zai yi nauyi ta gefe ɗaya, ya yi sauƙi ta ɗayan. Yawancinsu kuma a tsaye aka ƙera su su yi aiki. In an kwantar da su iska na cakuɗa da mai, su daina riƙewa.

Haka nan a yi hankali da na jabu. Kayan mota na shigo mana ta hanyoyi da yawa, daga Kano, daga Dubai, daga tashoshin ruwan ƙasashen gaɓar teku, kuma kwali mai kyau ba shaida ba ne. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa araha ba ta ado. Mai sayar da atamfa na gane ta gaske da taɓawa, to shi ma wannan a taɓa shi: a ɗaga a ji nauyinsa, a dubi tsabtar waldarsa da santsin sandarsa, a ja a tura tun a gaban mai kanti. Na hannu, wato okaziyo, in na asali ne kuma ya ci wannan jarrabawa, ya fi sabon jabu. A nemi rasit, a kuma ce wa makanise ya kawo tsohon da ya cire a gani.

Ga masu hawa da masu ba da kaya

Mafi yawan masu karatunmu ba su da mota, amma su ke zaune bisa buhuna ranar Litinin da Juma'a in za a ci kasuwar Maraɗi, ko Alhamis a Damagaram, ko Lahadi a Tawa. Su ma suna da ido, suna da baki. Motar da gabanta ya ɗaga sama bayanta ya durƙushe tun a tasha, an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Tayar gaba da ta cinye gefe guda, ko ta yi tudu da kwari, alama ce ta ciwo a gaba. Direban da ke ta murza sitiyari hagu da dama a kan miƙaƙƙiyar hanya, motarsa ce ke yawo.

In mota ta yi rawar nan sau ɗaya a hanya, kada kunya ta hana Hajiya magana. Ta ce: “Malam direba, don Allah a sassauta, da mu da ɗiyanmu ne a ciki.” In an iso, a sanar da shugabannin tasha da mai motar. Mata masu cin kasuwa ɗaya in suka haɗa baki suka ƙi hawa wata mota sai an gyara ta, mai ita ba zai kwana biyu bai kai ta gareji ba, domin su ne cinikinsa.

Shi kuma mai mota ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Kuɗin rotil da robobi da rulma abu ne da ake iya ƙirgawa, a raba shi a kan kasuwanni kaɗan ya fita. Motar da ta kife a daji kuwa ta tafi da jari, da kayan amana na mutane, da sunan da aka daɗe ana ginawa, ban da jinyar waɗanda suka ji ciwo da haƙƙin waɗanda suka rasu. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma kuma mu ne muka ce rigakafi ya fi magani. A gyara gaban mota tukuna, a daidaita shas da tayu, a rage lodi, sannan a ɗaura amortisar daidai da motar.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.